Tambayoyi da Amsoshi a Kan Haɗa Manyan Jakunkunan Lifid da Taimakon Folima Mai Kafofi

An tara waɗannan tambayoyi ne domin ɗaliban kimiyyar halittu da na haɗa magunguna, da duk mai son sanin yadda masu bincike ke ƙera kwaikwayon tantanin ƙwayar halitta a ɗakin gwaje-gwaje. Hanyar da aka fi ba wa ƙarfi a nan ita ce wadda ake shimfiɗa lifid a kan folima (sinadari mai dogayen sarƙoƙi, irin na takarda ko roba) mai shan ruwa, a bar ruwa ya ratso ta ƙasa ya ɗaga shi.

Mece ce babbar jakar lifid, kuma me ya sa ake ce mata babba alhali ido ba ya ganinta?

Kowace ƙwayar halitta mai rai, ta mutum ce ko ta tsiro ko ta bakteriya, tana lulluɓe da siririn tantani wanda aka gina da sinadaran maiƙo da ake kira lifid. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai yana da kai mai son ruwa da wutsiyoyi masu gudunsa, saboda haka da zarar sun shiga ruwa sai su jeru sahu biyu, wutsiyoyi suna fuskantar juna a tsakiya, kawuna kuma suna fuskantar ruwa ciki da waje. Tun a 1925 Gorter da Grendel suka kawo hujjar wannan jeri na sahu biyu a ƙasar Holan, bayan sun auna lifid ɗin da suka tatsa daga jajayen ƙwayoyin jini. Kaurin tantanin bai wuce nanomita 4 zuwa 5 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Da yake gefensa ba ya jure zama a buɗe, domin a nan ne ruwa zai taɓa wutsiyoyin, sai ya naɗe ya rufe kansa ya zama jaka mai ruwa a ciki. Alec Bangham ne ya fara bayyana irin waɗannan jakunkuna a cibiyar bincike ta Babraham kusa da Kambirij a Ingila, a tsakiyar shekarun 1960.

Girman da ake nufi na gwadawa ne da 'yan'uwanta. Ƙananan jakunkuna ba su kai nanomita 100 ba, matsakaita suna tsakanin nanomita 100 da maikuromita 1 (wato nanomita 1,000), manya kuwa suna farawa daga maikuromita 1 har zuwa 100 ko fiye. Jar ƙwayar jinin mutum tana da faɗin maikuromita 7 zuwa 8, don haka babbar jaka tana cikin sahun girman ƙwayoyin halitta na gaske. Idan tantaninta falle ɗaya ne tak, masu bincike suna taƙaita sunanta da GUV.

Wane amfani ke gare ta da ya sa ake wahala a kanta?

Amfaninta na farko shi ne ana ganinta da maikuroskof na haske, a zaɓi guda ɗaya a bi ta da kallo tana motsi, tana lanƙwasa, tana hujewa ko tana rabewa, abin da ba ya yiwuwa da ƙananan jakunkuna waɗanda sai dai a auna miliyoyinsu a dunƙule. Na biyu, mai bincike ne ya zaɓi duk abin da ke jikinta. Tantanin ƙwayar halitta ta gaske yana ɗauke da ɗaruruwan nau'o'in lifid da furotin iri-iri, ta yadda idan wani abu ya faru da wuya a ce ga musabbabinsa; a jakar da aka haɗa kuwa ana iya farawa da lifid guda, a ƙara kolestarol, a ƙara furotin ɗaya, a ga abin da kowane ƙari ya sauya.

Da irin waɗannan jakunkuna ne Evan Evans da abokan aikinsa suka auna ƙarfin tantani ta hanyar zuƙarsa da siririn bututun gilashi. Da su kuma Sarah Veatch da Sarah Keller suka nuna a 2003 yadda cakuɗen lifid biyu da kolestarol ke rabewa zuwa yankuna biyu a fuskar jaka ɗaya idan zafi ya sauka. Manyan shirye-shiryen ƙera ƙwayar halitta daga tushe, irin su MaxSynBio a Jamus da BaSyC a Holan, sun dogara ƙwarai a kansu a matsayin gidan da za a zuba sauran kayan.

Ta yaya ake haɗa su kafin shigowar folima, kuma ina waɗancan hanyoyi suka gaza?

Hanya mafi tsufa ita ce ta Reeves da Dowben ta 1969. Ana narkar da lifid a kuloroform, wani ruwan sinadari mai narkar da maiƙo, a shafa shi a kan gilashi, a bar shi ya bushe, sannan a zuba ruwa a hankali a bar shi sa'o'i masu yawa ba tare da girgizawa ba. Hanya ce mai sauƙi, amma tana da jinkiri, abin da take bayarwa kaɗan ne, kuma da yawa daga cikin jakunkunan suna fitowa da falle da yawa a cikin juna.

A 1986 Miglena Angelova da Dimiter Dimitrov na ƙasar Bulgeriya suka nuna cewa wutar lantarki mai rauni tana taimaka wa fallen lifid su rabu su kumbura. Daga nan aka sami hanyar da ta mamaye fagen shekaru da dama: a shafa lifid a kan wayar filatinom ko gilashi mai ɗaukar lantarki, a sa wuta mai kaiwa da komowa kamar sau 10 a daƙiƙa da ƙarfin bolt 1 zuwa 2, cikin sa'a ɗaya ko biyu a sami jakunkuna manya masu tsabta. Matsalarta biyu ce. A tsarinta na asali ba ta aiki sosai idan ruwan yana da gishiri irin na jiki, ko da yake daga baya an sami gyara ta hanyar ƙara saurin kaiwa da komowar wutar zuwa ɗaruruwa a daƙiƙa. Sannan an nuna cewa wutar tana iya jawo lalacewar lifid masu raunin wutsiya ta hanyar haɗuwa da oksijin, abin da ke sauya halin tantanin ba tare da mai bincike ya lura ba.

Akwai kuma dangin hanyoyin da ake fara yin ɗigon ruwa a cikin mai, sannan a ratsa da shi ta iyakar mai da ruwa don ya ɗauki sahu na biyu, kamar yadda Pautot da Frisken da Weitz suka bayyana a 2003. Waɗannan sun fi kowace hanya iya kulle kaya a cikin jaka, sai dai ragowar mai yakan maƙale a tsakanin wutsiyoyin lifid.

Me ya sa gishiri yake hana jakunkunan tashi?

Wannan ita ce tambayar da ta haifi dukkan hanyoyin folima, don haka ta cancanci a tsaya a kanta. Busasshen lifid da ke kan gilashi ba falle ɗaya ba ne, tarin falle ne da yawa, ɗaya a kan ɗaya. Kafin jaka ta samu dole ruwa ya shiga tsakaninsu, na sama ya rabu da na ƙasa, ya kumbura ya zama ƙwallo. Akwai ƙarfin da ke jan fallen su manne da juna, akwai kuma waɗanda ke tura su su rabu, kuma daga cikin masu turawar babba shi ne cajin lantarki, domin falle biyu masu caji iri ɗaya suna ƙin juna. Gishiri idan ya narke yakan rabu zuwa ƙwayoyi masu caji, waɗanda ke taruwa a fuskar tantani su lulluɓe cajinsa. A ruwan da gishirinsa yake milimola 1, tasirin caji yana kaiwa nisan nanomita 10 ko kusa da haka. A ruwa mai gishiri irin na jini, wato wajen milimola 150, nisan ba ya kaiwa nanomita 1. Da haka sai turawar ta mutu, mannewar ta yi rinjaye, fallen su zauna a wurinsu.

Akwai dalili na biyu. Ruwa yana ratsa tantanin lifid, amma gishiri da ƙyar yake ratsawa. Idan aka zuba ruwan gishiri a saman tarin lifid, gishirin yana waje, tsakanin fallen kuma babu shi, saboda haka ruwa ya fi karkata ya tsaya a waje inda narkakken abu ya fi yawa, maimakon ya kutsa ciki. Abin da ya sa wannan ya zama babbar damuwa shi ne yawancin furotin ba sa aiki yadda ya kamata sai a ruwa mai gishiri irin na jiki, kuma jakar da ba za ta samu a irin wannan ruwa ba amfaninta ga ilimin halittu ragagge ne.

To mene ne folima mai kafofi take yi wanda gilashi ba ya yi?

Gilashi ba ya shan ruwa. Lifid ɗin da ke kansa yana samun ruwa ne ta sama da ta gefe kawai, da kuma ta 'yan tsagogin da ke jikin tarin. Folima mai kafofi kuwa tana shan ruwa ta raba shi ko'ina a jikinta, kamar yadda randar ƙasa ke tsattsafo da ruwa ta duk jikinta ba ta baki kaɗai ba, don haka ruwa yana isa ga fallen lifid ta ƙasa, ya tura su sama. Ruwan da ya zo ta ƙasa yana tafe da gishirinsa da sukarinsa, wanda ke rage bambancin da ke tsakanin ciki da waje.

Bayan wannan akwai abubuwa biyu da bincike ya nuna suna taimakawa, kuma nauyin kowanne ya danganta da irin folimar. Idan folimar tana ɗan narkewa, kamar agaros da ake samu daga ciyawar teku, guntayenta da suka narke a ƙarƙashin lifid suna jawo ruwa zuwa wurin da suke, wannan matsi kuma yana ɗaga fallen ko da gishiri ya kashe turawar caji. Idan kuma folimar zare-zare ce wadda ba ta narkewa, kamar selulos ɗin takarda, lifid yana kwanciya ne a kan zaruruwa masu lanƙwasa, kuma tantanin da ya riga ya lanƙwashe ba ya buƙatar ƙarfi mai yawa kafin ya tsiro da ƙullutu. Ƙungiyar Anand Subramaniam ta Jami'ar Kalifoniya da ke Merced ta bayyana cewa ƙananan ƙullutai ne ke fara tsirowa, sannan maƙwabta su haɗe da juna har su kai girman da ake gani. A ganina wannan bayani na tsirowa da haɗewa yana da amfani ƙwarai ga mai aiki da hannu, domin yana nuna masa dalilin da ya sa jakunkunan ke zama maƙale da shimfiɗar ta siririn wuya har sai an zo an cire su.

Waɗanne folima aka gwada?

A 2009 Kim Horger da abokan aikinta a ɗakin binciken Michael Mayer na Jami'ar Mishigan suka nuna cewa lifid da aka shafa a kan busasshen agaros yana ba da manyan jakunkuna cikin mintuna, a ruwa mai gishiri irin na jiki. Agaros folima ce ta sukari da ake samu daga ciyawar teku, kuma kusan kowane ɗakin gwajin halittu yana da ita saboda aikin rarrabe DNA. A 2013 Andreas Weinberger da abokansa, tare da Carlos Marques na birnin Strasbourg a Faransa, suka maye gurbin agaros da PVA, wata folima da ake haɗawa a masana'anta, wadda ba ta narkewa da sauri a zafin ɗaki. Shekara guda bayan haka ƙungiyar Alexander Kros ta Leiden a Holan ta gabatar da jel (wato folimar da ta sha ruwa ta yi kauri) na destiran, wata folimar sukari, wanda aka ɗaure sassansa da juna da sinadari aka kuma ɗaure shi da gilashin, domin a rage yiwuwar ya ɓalle ya bi jakunkunan.

A 2016 ƙungiyar Merced ta nuna cewa takardar tacewa ta selulos ma tana yin aikin, suka sa wa hanyar suna PAPYRUS. Daga baya suka gwada yadudduka na siliki da ulu da nailan da foliyesta har da zaren gilashi, duk suka ba da jakunkuna, abin da ya nuna cewa siffar zare da kafofinsa sun fi nau'in sinadarinsa tasiri. A 2020 suka nuna cewa takarda mai zaruruwa masu ƙanƙantar nanomita tana ba da amfani fiye da gilashi mai santsi.

Sharaɗi ɗaya da bai kamata a manta ba wajen zaɓe shi ne kada folimar ta narke a ruwan da aka narkar da lifid. Selulos da PVA da agaros suna jure kuloroform, amma folikabonet da folistirin ba sa jurewa.

Yaya aikin yake daga farko zuwa ƙarshe?

A ɗauki hanyar PVA a matsayin misali. Ana narkar da garin PVA a ruwa, kashi 5 cikin ɗari bisa nauyi, tare da dumamawa zuwa wajen digiri 90 na ma'aunin Salshiyos har ya zama garau. Sai a shafa ɗan kaɗan a kan tsabtataccen gilashi ya bazu siriri, a busar da shi a tanda mai zafin digiri 80 ko ƙasa da haka na kimanin rabin sa'a. Bayan ya huce sai a shafa lifid da aka narkar a kuloroform, yawanci miligiram 1 a kowace mililita, maikurolita 10 zuwa 20, a baza shi da gefen allura ko sandar gilashi. Daga nan a sa gilashin a akwatin da ake zuƙe iska na aƙalla rabin sa'a domin ragowar kuloroform ta fita sarai. Sai a kewaye wurin da zoben roba, a zuba ruwan da ake so a hankali ta gefe. Cikin mintuna kaɗan ƙullutai za su fara bayyana a maikuroskof, kuma kafin sa'a guda yawancinsu sun kai girmansu. A ƙarshe a ɗan ƙwanƙwasa gilashin ko a ja ruwan a mayar a hankali don su ɓalle, a kwashe su da bututun ɗiban ruwa wanda aka yanke bakinsa ya yi faɗi, domin ƙunƙuntaccen baki yana fasa manyan.

Da takarda matakan sun fi haka gajarta, tunda babu dafa folima ko busar da ita. Ana wanke takardar da kuloroform da ruwa, a busar, a ɗiga lifid, a zuƙe iska, a jiƙa.

Shin wannan ita ce hanyar da ake tura lifid ta cikin mataci da sirinji?

A'a, kuma ana yawan rikita su saboda dukkansu suna amfani da folima mai kafofi. A hanyar da aka bayyana a sama folima shimfiɗa ce, jakunkuna suna tsirowa a kanta. A hanyar sirinji kuwa folima mataci ce, aikinta rage girman jakunkunan da aka riga aka haɗa. Matacin da ake amfani da shi siririn folikabonet ne wanda aka harba wa ƙwayoyi masu nauyi da caji suka bar sawu a jikinsa, sannan aka jiƙa shi a sinadari mai ci ya faɗaɗa sawun suka zama kafofi miƙaƙƙu masu faɗi kusan ɗaya. Fasahar ta samo asali ne daga ɗakin binciken General Electric a Amurka a shekarun 1960. Olson da abokansa sun yi amfani da ita ga jakunkunan lifid a 1979, ƙungiyar Pieter Cullis ta Vancouver a Kanada kuma ta inganta ta a 1985. Yawanci kafar nanomita 100 ake zaɓa, a tura ruwan tsakanin sirinji biyu sau 11 ko 21, kuma ana zaɓar lambar mara ne domin a ƙare a sirinjin da ba a fara da shi ba, inda manyan guntaye ba su taɓa shiga ba. Abin da ke fitowa matsakaitan jakunkuna ne, ba manya ba.

Duk da haka mataci yana da gurbi a aikin manyan jakunkuna. A 2009 Ting Zhu da Jack Szostak sun tura jakunkuna ta kafar maikuromita 5 don kawar da waɗanda suka fi haka girma, sannan suka bar ƙanana suka fice ta kafar maikuromita 3, abin da ya rage ya zama kusan girma ɗaya. Ƙungiyar Masahito Yamazaki ta Jami'ar Shizuoka a Japan ita ma ta yi amfani da tacewa a 2011 wajen raba manyan jakunkuna da ƙanana da kuma rinin da bai shiga ciki ba.

Faɗin kafar shimfiɗar ne ke ƙayyade girman jakar?

Ba kai tsaye ba. Kafofin jel ƙanana ne ƙwarai, na ma'aunin nanomita, alhali jakunkunan da ke tsirowa a kansu sun ninka su sau ɗaruruwa. Girman ya fi dogara da yawan lifid da aka shafa, da yadda ya bazu, da tsawon lokacin da aka ba ƙullutai su haɗe, da gishirin ruwan. Sakamakon ko da yaushe gauraye ne, ƙanana da yawa, manya kaɗan. Wanda gwajinsa ke buƙatar girma ɗaya sai ya ƙara matakin tacewa, ko ya koma ga na'urorin ƙananan magudanan ruwa irin wadda ƙungiyar Cees Dekker ta Delft ta gabatar a 2016.

Folimar ba ta gurɓata jakunkunan?

Tana iya gurɓata su, kuma a nan ne mai amfani da hanyar ya fi buƙatar tsantseni. A 2014 Rafael Lira da Rumiana Dimova da Karin Riske sun binciki jakunkunan da aka tsirar a kan agaros, suka tarar da agaros a cikinsu da kuma a jikin tantaninsu. Sun ga cewa wasu daga cikin jakunkunan suna yoyo, kuma idan aka matsa su da wutar lantarki suna jinkirin komawa siffarsu fiye da waɗanda aka haɗa ba tare da agaros ba. Dumama su bayan haɗawa yana rage matsalar. Game da PVA, gurɓatar ta fi sauƙi, amma an sami rahotannin da suka nuna cewa taurin tantani da yoyonsa suna iya bambanta da na hanyar lantarki. Selulos ba ya narkewa a ruwa, wanda shi ne babban abin da ke jan hankali zuwa gare shi, amma takardar kasuwa tana iya zuwa da sinadaran masana'anta, shi ya sa wankewa ta zama wajibi.

Hukuncin da ya dace ya danganta da tambayar da ake bincike. Wanda yake son ya ga ko wani furotin yana manne wa wani lifid, ɗan ragowar folima ba lallai ya ɓata masa sakamako ba. Wanda kuwa yake auna taurin tantani, ko saurin da magani ke ratsa shi, ko yadda guba ke huda shi, bai kamata ya amince da adadin da ya samu ba sai ya maimaita gwajin da jakunkunan da aka haɗa ta wata hanya dabam. Hanyar tana da sauƙi har takan sa a manta da wannan mataki, kuma ina ganin babu wani rahoto a kan ƙarfin tantani ko yoyonsa da ya kamata a karɓa idan ba a nuna an yi wannan gwadawa ba.

Yaya ake tabbatar da cewa tantanin falle ɗaya ne?

Ido kaɗai ba ya isa, domin falle biyu da suka manne suna kama da ɗaya. Hanya mafi sauƙi ita ce a cakuɗa ɗan rini mai ƙyalli a cikin lifid, ƙasa da kashi 1 cikin ɗari, a auna hasken zoben jakunkuna masu yawa. Masu falle ɗaya za su taru a mataki ɗaya na haske, masu biyu kuma a ninkinsa. Hanya ta biyu ita ce a zuba sinadarin ditiyonait wanda ke kashe ƙyallin rinin NBD da aka cakuɗa a cikin lifid ɗin amma ba ya saurin ratsa tantani, kuma idan falle ɗaya ne hasken zai ragu da kusan rabi, tunda sahun waje kaɗai ya taɓa. Ta uku ita ce a zuba furotin alfa-hemolaisin, wanda ke huda falle ɗaya kawai, a ga ko rinin da ke waje ya shiga har tsakiya.

Me ya sa ake sa sukuros a ciki, gulukos a waje?

Domin sauƙin gani. Ruwan sukuros ya fi ruwan gulukos nauyi ko da yawan ƙwayoyinsu ɗaya ne, saboda haka jakunkunan suna nutsewa su zauna a ƙasan gilashi inda maikuroskof zai same su. Ruwayen biyu kuma suna karkatar da haske dabam-dabam, wanda ke sa jakar ta fito fili, kuma idan ta huje aka ga bambancin ya dushe an san ta yi yoyo. Dole a daidaita yawan narkakken abu ciki da waje, domin tantanin lifid ba ya miƙewa fiye da kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na faɗinsa kafin ya yage. Idan na waje ya yi ƙasa, ruwa zai shiga ya fasa jakar. Idan ya ɗan yi sama, jakar za ta yi sako-sako, wanda wani lokaci shi ake so don a ga rawar tantanin.

Zafi yana da tasiri?

Ƙwarai kuwa. Kowane lifid yana da matakin zafin da wutsiyoyinsa ke sakewa daga daskarewa, kuma jaka ba ta tashi sai an haura wannan mataki. Na lifid ɗin da ake kira DOPC yana ƙasa da sifiri sosai, don haka zafin ɗaki ya wadatar. Na DMPC digiri 24 ne, na DPPC kuma digiri 41, saboda haka cakuɗen da ke da DPPC sai an jiƙa shi da ruwa mai ɗumi fiye da haka. A nan wata matsala take ɓullowa, domin ɗumin da ke sakin lifid shi ne kuma ke ƙara narkar da agaros da PVA. Ga irin waɗannan lifid, shimfiɗar da ba ta narkewa ta fi dacewa.

Ana iya kulle furotin ko DNA a ciki?

Ana iyawa, amma ba da yawan da hanyoyin ɗigon ruwa a mai ke bayarwa ba. Ƙananan abubuwa kamar sukari da rini suna shiga cikin sauƙi, manya kuwa sai sun sami hanya ta tsagogin tarin lifid ko ta wuyan ƙullutun, kuma abin da ya shiga yakan bambanta daga jaka zuwa jaka. Wata dabara ita ce a cakuɗa kayan a cikin jel ɗin kafin a shafa lifid, muddin suna jure bushewa da taɓawar kuloroform. Ga furotin da ke zama a jikin tantani, ana fara sa su a ƙananan jakunkuna, a ɗiga waɗannan a kan jel, a ɗan busar da su ba sarai ba, sannan a jiƙa. Da takarda kuma, wadda ta fi ba da amfani a ruwa mai ƙarancin gishiri, ana iya barin ƙullutai su fara tsirowa na 'yan mintuna, sannan a ƙara gishirin tun suna maƙale, ya shiga ta wuyansu.

Da waɗannan manyan jakunkuna ake yin magungunan da ake ɗura wa marasa lafiya?

A'a. Magungunan da aka kulle a jakar lifid, kamar Doxil na cutar kansa da aka amince da shi a Amurka a 1995, ko AmBisome da ake amfani da shi a kan cututtukan fungas da kuma kala-azar wadda aka sani a gabashin Sudan, yawancinsu ƙananan jakunkuna ne na wajen nanomita 100 ko ƙasa. Manya sun yi rauni da girma da yawa ga tafiya a jini. Gudummawarsu ga magani ta wajen fahimta ce, domin a kansu ake kallon yadda wani magani ko guba ke huda tantani.

Ɗakin gwaje-gwaje mai ƙaramin ƙarfi zai iya wannan aiki, kuma me ya fi kawo cikas?

Zai iya, domin babu buƙatar injin ba da wuta ko gilashi mai tsada. Kuɗin yana tafiya ne a kan lifid mai tsabta da kuma maikuroskof. Ana ajiye lifid a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri, a kwalbar gilashi mai murfin teflon, nesa da haske da iska, don haka inda wutar lantarki ke yankewa sai an tanadi abin da zai riƙe firji. Kuloroform guba ne ga hanta kuma ana zarginsa da jawo kansa, saboda haka ba a buɗe shi sai a akwatin da ke zuƙe tururi, kuma ba a ɗibarsa da bututun roba domin yana cin robar ya gurɓata lifid ɗin.

Idan jakunkuna suka ƙi tashi, a fara duba yawan lifid, domin wanda ya yi kauri yana ba da dunƙule-dunƙule masu falle da yawa, wanda ya yi kaɗan kuma ba ya ba da komai. Sai a duba ko kuloroform ya fita sarai, ko lifid ɗin ya tsufa, ko jel ɗin ya ɓamɓare daga gilashi saboda ba a wanke gilashin da kyau ba. Idan kuma sun tashi amma suna fashewa da zarar sun sauka a gilashin kallo, dalilin yawanci shi ne tantanin yana manne wa gilashi tsirara ya baje a kansa, kuma ana magance haka ta hanyar jiƙa gilashin da ruwan furotin BSA ko kasin na 'yan mintuna, a ɗauraye shi, sannan a zuba jakunkunan.